Minti Ashirin a Benen Ƙofar Ƙaura

Kekuna tara ne, ɗaya ba shi da feda,
shi muke rataya wa gyale.
Na tura taga saboda hon ɗin 'yan acaɓa,
na ɗora agogo bisa kujerar roba
inda kowa za ta gan shi, ta tsane shi.

Yau ba kiɗa, na ce.
Tsere ne, amma ba da ta gefenki ba.
Minti ashirin, ke da agogo.

Indo Tela ta kwashe da dariya:
shekara goma sha huɗu ina taka keken ɗinki,
wannan ne zai gagare ni?
Na ce, wancan kikan tsaya ki sa zare.

Minti biyar na farko maƙaryata ne.
Ƙafa sai daɗin baki take,
kamar mai cin bashi ranar da ya karɓa.
Saude, sassauta.
Abin da kika ɓarnatar yanzu
a minti na sha bakwai za a zo karɓa,
kuma mai karɓar ba ya jin a yi haƙuri.

Na bakwai. Ku ƙara wa taya nauyi, rabin murɗi.
Kafaɗa ƙasa, gwiwar hannu ciki,
ido kan lamba, ba kan ƙofa ba.
Hajiya Turai, da likita ya turo mana da takarda
bayan suga ya kayar da ita a wurin suna,
ba ta cewa uffan. Leɓenta kaɗai ke motsi.
Ban san ko ƙirga take ko salati ba.

A na sha ɗaya aka ɗauke wuta.
Fankoki suka yi juyi uku, suka saduda.
Wata daga baya ta ce, to ai shi ke nan.
Na ce agogon nan batir yake ci,
ba wanda ya gaya masa an ɗauke.

Babana faci yake yi a Ƙofar Marusa.
Yakan kifa keke ƙafa sama,
ya murza feda da hannu, ya kara kunne.
Ran Lahadi sai ya ari agogon maƙwabci,
ya miƙi hanyar Kaita shi kaɗai,
ya dawo ya rubuta lamba da gawayi a bangon zaure.
Ba wanda ya taɓa tsere da shi.
Ni ce mai goge ta jiya in ya kafa sabuwa.

Sha huɗu. Nan ne hira ke mutuwa.
Ba abin da ake ji sai numfashi
da kukan sarƙar keke na shida
da nake ta alkawarin sa wa mai.

Sha bakwai. Mai bashi ya iso.
Indo ta kifa goshi bisa kan keke,
ta ce wallahi zarena ya ƙare.
Kar ki sauka. Taka a hankali, amma taka.
Saude ta cije haɓar ɗankwali.
Minti ɗaya. Abin da kuka ɓoye, ku fito da shi,
ba a komawa gida da canji.

Tsaya.

Ba mu gusa ko taku ɗaya ba,
ga gumi ya yi tafki ƙarƙashin kowace.
Na bi su da littafina mai bangon shuɗi.
Hajiya Turai: kilomita bakwai da ɗari huɗu,
watan jiya shida da ɗari tara.
Ta karɓi biro daga hannuna,
ta ja layi biyu a ƙasa da kanta,
ta ce, a nuna wa likita.

Muna saukowa bene, ƙafafu na rawa,
sai fankoki suka tashi a bayanmu
suna yi wa kekuna fifita.